Kano zuwa Abuja: Motar Auta ko Jirgin Sama, Wa Zai Riga Isa?

Auta: Assalamu alaikum. Tun da aka tsayar da ɗaurin auren Yaya ranar Juma'a a Gwarimpa bayan an sauko daga masallaci, na ga kowa ya koma maganar tikitin jirgi, shi ya sa nake so in kawo shawara kafin a fitar da kuɗi. Ina da yaƙinin cewa idan muka bar gida a Hotoro lokaci guda, ni a cikin motata, wani kuma ya nufi filin jirgin Malam Aminu Kano, zan riga shi isa ƙofar gidan surukai. Mai jirgi zai ci rabin awa kafin ya isa filin, dole ya kasance a can awa guda kafin tashi, ya yi kusan awa guda a sama, ya tsaya jiran jaka, sannan ya kama hanya daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe, wanda ke da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar gari. Wannan ya doshi awa huɗu, in har jirgin ya tashi a kan lokaci. Ni kuwa tafiyar ba ta wuce kilomita 420 da ɗoriya ba, kuma Mercedes ɗin nan tana riƙe 160 ba tare da ka ji ko gizau a jikinta ba. Ina roƙon Kawu ya shigo motata, tunda shi ne wakilin ango kuma sadaki yana hannunsa.

Yaya Injiniya: Wa alaikumus salam. Auta, lissafin da ka yi wa mai jirgi daidai ne, amma ka yi wa kanka rangwamen da ba ka yi masa ba, domin ka ƙirga masa kowane minti na jira, kai kuma ka raba nisan tafiya da abin da maleji yake nunawa a fili, kamar babu gari ko ɗaya tsakanin Kano da Zuba. Mu ƙaddara cewa a cikin kilomita 420 akwai 100 da ba za ka wuce matsakaicin gudun 50 ba, wato fita daga Kano ta Na'ibawa, Kwangila a Zariya, Mararrabar Jos, ratsa Kaduna daga Kawo, Tafa, sannan Madalla da Zuba, ga kuma shingayen bincike. Wannan kaɗai awa biyu ne, ko da wace irin mota kake tuƙi. Sauran kilomita 320 a kan gudun 160 su ma awa biyu ne, jimilla awa huɗu ke nan, ba ka tsaya shan mai ba, ba ka tsaya kama ruwa ba. Wanda ya bi gudun 100 a wannan filin zai ci awa uku da minti goma sha biyu, ya haɗa da waɗancan biyun. Ka ga duk ƙarfin injin nan abin da ya saya maka bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba, kuma ko da shi ɗin, kunnen doki kawai ka yi da mai jirgi.

Auta: Yaya, na karɓi gyaran, amma kunnen dokin nan ya tsaya ne a kan cewa jirgi zai tashi a lokacin da aka rubuta a tikiti, kuma duk wanda ya saba tashi daga Kano a watan Disamba ya san abin da hazo yake yi. Bara na kwana biyu ina zarya filin jirgi, ranar farko aka ɗage daga safe zuwa yamma sannan aka soke, rana ta biyu jirgin da zai ɗauke mu ya kasa sauka ya juya. Motata ba ta jiran izinin kowa kafin ta tashi.

Baffa: Ɗana, na yi shekara talatin ina tuƙi a wannan hanya, tun tana hannu ɗaya kafin a raba ta biyu, don haka ka saurare ni. Hazon da yake hana matuƙin jirgi ganin filin sauka shi ne dai zai hana ka ganin tirelar da ta lalace a tsakiyar kwalta bayan Kwanar Ɗangora, wadda ba a sa mata alamar komai ba sai 'yan rassan bishiya. Gaskiya ne daga Kano zuwa Zariya, kilomita 137, da daga Zariya zuwa Kaduna, kilomita 73, hanyar ta yi kyau tun bayan gyaran da aka yi, kuma kyawun nata ne yake ruɗar yara irinku. Ba a killace ta ba. A Kura da Chiromawa da Tashar Yari kasuwa tana bakin titi, ɗan acaɓa yana biyo hannun da ba nasa ba, yaro yana koro shanu ya tsallaka, a Kwanar Gafan kuma idan lokacin tumatir ya yi motocin kaya suna cin rabin hanya. Daga Kaduna zuwa Zuba kuwa, kilomita 165 da ɗoriya, nan ne aikin ya daɗe yana jan ƙafa. An ba Julius Berger kwangilar hanyar gaba ɗaya a ƙarshen 2017, gwamnati ta karɓe wannan ɓangaren daga hannunsu a Nuwamba 2024 ta ba wani kamfani, kuma duk inda ake aiki akan haɗe masu zuwa da masu dawowa a hannu guda. A irin wannan wuri, kai da mai tsohuwar Golf da mai tankar mai duk tafiyarku ɗaya, sai dai shi mai Golf zai sauka gefen hanya ya bi ta ƙasa ya wuce, kai kuma motarka cikinta yana kusa da ƙasa, tayoyinta sirara ne, ramin da bai isa ya dami motar haya ba zai fasa maka taya ya lanƙwasa ƙarfenta. Ka gaya mini wane mai faci ne a Katari yake ajiye irin tayarka.

Gwaggo: Ni dai ban san lissafin gudu ba, amma ba na goyon bayan a riƙa maganar jirgi kamar shi ba ya kashe mutane. Ina gidan mijina a kusa da Gwammaja ranar 4 ga Mayu 2002 lokacin da jirgin EAS ya faɗo a kan gidajen mutane jim kaɗan bayan ya tashi, kuma abin da idona ya gani ranar ban manta da shi ba. Bayan shekara huɗu, a Oktoba 2006, jirgin ADC ya faɗi a Abuja da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo a ciki. Mota idan ta lalace a kan ƙasa take tsayawa. Ni ta hanya zan tafi, da Auta ko babu Auta.

Yaya Likita: Gwaggo, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, kuma babu wanda zai ga abin da kuka gani ya raina tsoronku. Sai dai ina roƙon ku dubi wani abu: haɗurran jirgin da kuka ambata muna iya faɗin ranakunsu bayan shekara ashirin saboda ba su da yawa, na hanya kuwa ba mai iya riƙe su. Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sun nuna sama da mutum 5,000 sun mutu a hanyoyin Nijeriya a 2023, haka kuma a 2024, kuma gudun wuce kima shi ne dalilin da hukumar take sawa a gaba kusan kowace shekara. Waɗannan su ne waɗanda aka rubuta kawai. Auta, kai kuma ga abin da nake so ka riƙe, domin ni ce nake karɓar irin waɗannan mutane a sashen gaggawa. A gudun 160 mota tana cin mita 44 a cikin daƙiƙa ɗaya, don haka kafin idonka ya ga saniya ƙafarka ta kai kan birki ka riga ka ci sama da rabin filin ƙwallo. Bayan ka taka, nisan da motar za ta ja kafin ta tsaya ya ninka na mai gudun 100 sau biyu da rabi, kuma ƙarfin bugun ma haka yake ninkuwa, saboda ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkin gudun a kan kansa yake bi. Bel da jakar iska suna kare ƙashi da fuska, amma hanta da saifa da jijiyar zuciya suna ci gaba da tafiya a cikin jiki bayan motar ta tsaya. Wanda ka buge a waje kuwa ba shi da bel ko jakar iska.

Auta: Yaya Likita, birkin wannan motar ba irin na sauran motoci ba ne, an ƙera ta ne domin irin wannan gudun, har ma kamfanin ya taƙaita ta a 250 don kada ta wuce. A Jamus mutane suna tafiya da ita haka kullum.

Yaya Injiniya: An ƙera ta domin hanyar Jamus, Auta, inda aka hana mai tafiya a ƙafa da mai keke da duk abin hawan da ba ya sauri hawa babbar hanya, kuma babu kasuwa a bakinta. Ko a can ɗin gudun da hukuma take ba da shawara a kai 130 ne, kuma wurare da yawa suna da iyaka. A nan dokar hanya ta tsayar wa ƙaramar mota ta gida 100 a kan babbar hanya mai hannu biyu, da 50 a cikin gari, saboda haka nasarar da kake hange ba ta samuwa sai ka karya doka na tsawon awa biyu cur da Kawu a gefenka. Birki mai kyau yana aiki ne gwargwadon riƙon da taya ta yi wa kwalta, kuma kwaltar da yashi ya hau ko bakin man tirela ya zuba a kanta ba ta tambayar sunan mota.

Baffa: Kuma ka tuna da Mararrabar Dikko, inda tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a Janairu 2025 mutane da dama suka ƙone. Rana irin wannan hanya takan toshe na awoyi, babu gaba babu baya. Kai ma kana da hazonka ke nan, sai dai naka ba a sanar da shi a lasifika.

Gwaggo: To ku da kuka dage a kan jirgi, huhun goro biyu da katan-katan na alawa da dabino, a aljihun wa za su shiga? Kowane fasinja kilo kaɗan ake ba shi, abin da ya haura sai an biya, kuma mu goma sha ɗaya ne masu tafiya. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023 komai ya yi tsada, na sani, amma tankin mota ɗaya da zai kai mutum huɗu bai kai kuɗin tikiti huɗu ba, balle a haɗa da kuɗin tasi daga filin jirgi. Idan mun isa Abuja ma da ƙafa za mu riƙa zirga-zirga tsakanin masauki da gidan biki? A wannan gaɓar yaron nan yana da gaskiya, ko da bakinsa bai kawo ta ba.

Yaya Likita: Wannan hujja ce mai ƙarfi, Gwaggo, kuma ban musa ba. Amma hujja ce ta a tafi da mota, kuma bas ɗin gida ta fi motar Auta cika ta, tunda tasa bayan mutum huɗu ko akwati uku ba za ta ɗauka ba, ga shan mai. Abin da Auta ya kawo shi ne zai riga jirgi isa, wannan kuwa ba ya tabbata sai da gudun da nake roƙon kada a yi.

Auta: Idan na tsaya a 100 kamar yadda kuke so, na yarda mai jirgi zai riga ni a ranar da jirginsa ya tashi a kan lokaci. Amma ban janye ba a kan cewa a watan hazo wanda ya dogara da jirgin safiyar Juma'a yana iya jin ɗaurin aure ta waya, kuma har yanzu babu wanda ya ba ni amsar wannan.

Kawu: Na karanta duka, Allah ya yi muku albarka. Auta, a kan wannan na ƙarshen babu wanda ya ba ka amsa saboda gaskiyarka ce, kuma ni ba zan ɗora auren ɗan mutane a kan jirgin safiyar Juma'a ba, kamar yadda ba zan ɗora shi a kan malejinka ba. Na yi tunanin jirgin ƙasa daga Rigasa, tunda yana tsayawa a Kubwa kusa da Gwarimpa, amma sai an fara kai ni Kaduna, kuma Gwaggonku tun harin da aka kai wa jirgin ƙasan ranar 28 ga Maris 2022 ba ta son jin sunansa. Ga yadda za a yi. Ni da Likita za mu sayi tikitin Laraba, idan hazo ya hana muna da Alhamis, idan ita ma ta ƙi sai mu bi hanya. Bas za ta tashi da goro da Gwaggo da sauran mata ranar Alhamis bayan sallar asuba, domin a wuce Rijana da Katari da rana tsaka, kada magariba ta riski kowa a tsakanin Kaduna da Tafa. Auta zai bi bayan bas da motarsa, ba gabanta ba, Baffa kuma zai zauna a kujerar gaba.

Auta: Na ji, Kawu, kuma zan bi. Sai dai ina roƙon a rubuta lokacin da kuka bar gida ranar Laraba da lokacin da kuka isa masauki, ni ma Baffa ya rubuta nawa, mu kwatanta bayan biki.

Baffa: Zan rubuta. Kafin nan ka kai motar a duba iskar tayoyi, kuma ka buɗe but ka gani ko tana da safaya, domin da yawa daga irinta ba a sa musu.