Neman kalma: "vintage" da "single vineyard" a kan kwalbar Barolo

Bazazzagi: Assalamu alaikum, malamai. Masu fassarar labaran noma da kasuwanci kan ci karo da rubutu irin wannan: Barolo Cannubi 2016. Barolo jar giyar inabi ce ta yankin Piemonte, arewa maso yammacin Italiya. Ko ba ma sha, labarin cinikinta kan zo hannunmu. Kalma biyu nake nema: ta "vintage", wadda Italiyawa ke kira annata, da ta "single vineyard". Ta farkon, wasu na rubuta "tsohuwar giya". Ya yi?

Badamagariya: Wa'alaikumus salam. Bai yi ba, Malam. Wannan 2016 ɗin shekarar da aka cire inabin ce, ba ta ɗurawa a kwalba ba, ba kuma ta sayarwa ba. Dokar Barolo ta ce a ajiye giyar aƙalla wata 38, ana ƙirgawa daga 1 ga Nuwamban shekarar da aka cire inabin, kuma wata 18 daga ciki a gangar katako. Ke nan ta 2016 ba ta da izinin shiga kasuwa sai Janairun 2020. Mai lakabin Riserva wata 62 take jira. A dokar Tarayyar Turai ma, ba a buga shekara a kwalba sai aƙalla kashi 85 cikin 100 na inabin na shekarar ne. Sabuwar giya ma tana da tata shekarar, tsufa bai shigo ciki ba. Ni na ce "shekarar girbi".

Bakatsine: Malama, girbi na hatsi ne. Inabin Nebbiolo, wanda shi kaɗai ake yin Barolo da shi, da almakashi ake yanko shi nono-nono, a jera a ƙananan akwatuna don kada na ƙasa ya fashe. Sannan abin da masu sana'ar ke nufi ya wuce lamba. Idan sun yaba shekara, yanayin da inabin ya nuna a cikinsa suke yabo. Me zai hana mu ce "daminar 2016", yadda manomi ke cewa damina ta yi albarka?

Bagobiri: Allah gafarta Malam, damina za ta ɓatar da mai karatu. Da ya ji damina ta yi kyau, ruwa ne zai zo masa a rai, alhali a can ruwan ƙarshen shekara shi ne abin tsoro. Nebbiolo kan yi toho da wuri, ya nuna a makare, galibi sai Oktoba, ga fatarsa ba kauri. In ruwa ya zauna masa a Satumba sai funfuna ta shiga tsakanin 'ya'yan, su ruɓe. A 2002 ruwa ya yi yawa, ƙanƙara kuma ta faɗa wa gonakin garuruwan Barolo da La Morra a Satumba, har masu giya da dama suka fasa fitar da fitattun giyoyinsu. A 2017 akasin haka aka gani: sanyi mai daskarewa a Afrilu ya ƙone toho, zafi da fari suka biyo baya, aka cire inabin da wuri. Zafi kan tara zaƙi da sauri tun ƙwaya da fata ba su gama nuna ba, sai giyar ta yi ƙarfi, baurinta ya yi kaushi. Ita 2016 da ake ta yabo, rana ce madaidaiciya da dare mai sanyi har cikin Oktoba.

Kalmar da ta ɗauke wannan duka ita ce kaka. "Kakar 2016", "kakar bana ta fi ta bara". Ba ta ware hatsi daga 'ya'yan itace ba, tana ɗauke da lokaci da amfani tare.

Badamagariya: Na janye tawa. Sai dai a farkon labari a cika ta, "kakar inabi ta 2016", don 'yan ƙwallo sun riga sun mamaye "kakar bana".

Bazazzagi: Madalla. Saura ta biyun. "Gona guda" fa?

Bakatsine: A nan sai an yi hattara. Cannubi tudu ne a ƙaramar hukumar Barolo, kuma mutane da yawa ke da gonaki a kansa. Tun 2010 doka ta amince da sunaye 181 da za a iya ƙarawa bayan kalmar Barolo: 170 na wurare, 11 na ƙananan hukumomin da ke da izinin yin ta. Italiyawa na taƙaita sunan tsarin da MGA. In ka ce "gona guda", Bahaushe zai ɗauka ta mutum ɗaya ce. Iyakar Cannubi ɗin ma sai da aka je kotu a kanta, hukuncin 2013 ya bar sunan ya rufe hekta 34, ba 15 na asali kaɗai ba.

Akwai mataki na ƙasa da wannan, vigna, wato gona takamaimiya mai rajista a cikin wurin. Mai son rubuta ta dole ya matse inabinta daban, kuma amfaninta kada ya wuce tan 7.2 a hekta, maimakon tan 8 da aka yarje wa saura. Ita ce ta cancanci "gona guda".

Bagobiri: To shi tudun mu ce masa "fili". Garka da lambu ba su dace ba, don ban ruwa suke kawowa a rai. Gandu kuma sai inda gida ɗaya ya mallaki wurin kaf, kamar wurin da ake kira Francia a ƙaramar hukumar Serralunga d'Alba, da ke hannun gidan Giacomo Conterno.

Badamagariya: Fili na iya zama wurin da ba a noma, ya ɗan yi mini sako-sako. Amma da zarar sunan wurin ya biyo shi, ma'anar ta fito.

Bazazzagi: Haka zan sa a fassarar: "giyar inabi ta Barolo daga filin Cannubi, kakar inabi ta 2016". Inda aka rubuta vigna, in ƙara "gonar" da sunanta. Allah ya saka da alheri.