Ɗaliban jami'a a Jos, wa ya taɓa shiga irin wannan damuwar?

Mai tambaya:
Salam 'yan uwa. Ƙanwata tana aji uku, tunda aka dawo daga hutu bata barci bata cin abincin kirki, lakca ma sai ƙawayenta sun ja ta, a gida kuma wasu na cewa sangarta ce wasu na cewa a kaita ruƙiyya. Dan Allah wanda abin ya taɓa samu ya faɗa mana.

Wani ɗan Angwan Rogo:
Ni yajin aikin malaman jami'a na 2022 ne ya karya ni, tun Fabrairu har Oktoba muna zaune, ga na 2020 da korona sun riga sun cinye mana kusan shekara. Sa'annina da suka kama kasuwa a Terminus har sun yi aure, ni kuɗin kati sai na roƙi Baba, duk wanda ya ganka sai yace wai har yanzu baka gama ba? Majalisa ma na daina zuwa, ina ɗaki da waya har asuba.

Wata 'yar uwa:
Yaya dan Allah kar ku ce mata sangarta, kalmar nan tana da ciwo wallahi. Ina hostal lokacin rikicin Agusta 2021, aka sa dokar hana fita ta awa 24, abinci ya ƙare mana, sai da jihohi suka turo motoci aka kwashe ɗalibansu. Bayan an dawo ko ƙofa aka buga da ƙarfi gabana sai ya faɗi, a ɗakin jarabawa hannuna na rawa na manta duk abinda na karanta, haka kariyoba, wato darussan da sai na maimaita, ta taru min ni da ban taɓa faɗuwa ba. Antina ce ta dage ta kaini ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa na JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo, ina kuka don kar a ce na haukace. Aka ɗora ni kan magani da zaman tattaunawa, addu'a kuma ban fasa ba ko sau ɗaya, a hankali barci ya dawo.

Wani ɗan ajin ƙarshe:
Allah ya ƙara lafiya 'yar uwa. Mu namu yunwa ce, tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin keke kaɗai ya isheka tunani, sau ɗaya muke ci a yini. Dubu 20 ɗin wata ta NELFUND, asusun ba ɗalibai rance, tana rage zafi amma ina zata kai. A ɗakinmu akwai wanda ya fara shan tiramol wai don karatun dare, yanzu ya bar makarantar gaba ɗaya, kuma sau nawa yana faɗa mana kansa ya ɗau zafi muna ce masa kai fa namiji ne ka daure.