Injin niƙan gahawa da kayan ƙamshi: guda ɗaya zai yi, ko sai biyu?

Maman Biyu, Anguwan Rogo:

Assalamu alaikum. Jama'a shawara nake nema, don Allah wanda ya sani ya taimaka mini.

Mahaifina yana zaune tare da mu tun rasuwar Inna. Ya yi zama a Sudan da ƙuruciyarsa, can ya saba da gahawa, kuma har yau in ya dawo daga sallar asuba ita yake so, balle yanzu da sanyin Jos ya kankama. Da ta gwangwani muke saya masa, yana sha ne kawai don babu yadda zai yi. Watan jiya ƙanena da ke aiki a Gembu ya zo masa da ɗanyun 'ya'yan gahawa kilo 2 daga Mambila. Baba da kansa ya zauna a kujera 'yar tsugunno ya nuna mini yadda ake soya su a busasshen kasko, ana juyawa ba tsayawa, har su fara ƙara ƙas-ƙas su yi duhu. Ranar har maƙwabta sai da suka leƙo saboda ƙamshi.

A wajen niƙa aikin ya ɓaci. Na zuba a ƙaramin kofin bilenda da nake niƙa yaji, bayan na wanke shi da sabulu na shanya. Baba ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye finjalin a hankali, ya ce, "Uwata, daddawa kika sa?" Bai yi faɗa ba, amma wallahi yini na yi abin yana cina. Ga shi kuma niƙan bai yi daidai ba, wani ya zama gari luƙui, wani kamar tsakin masara. Murfin kofin ma tun da na niƙa kanumfari a ciki ya yi hazo ya fara tsagewa.

Ina son in sayi inji. Akwai wanda zai yi mini gahawa ya kuma yi citta, masoro, kimba da kanumfari? Ko dole sai biyu? Ku tuna da asuba ake buƙatarsa, kuma a unguwarmu ba kullum ake samun wuta a wannan lokacin ba. Kuɗin hannuna ma ba yawa gare su ba.

Malamin Bukuru:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna, ya saka miki da alheri kan hidimar Baba.

'Yar'uwa, kada ki haɗa su. Gahawa da kayan yaji duka mai gare su, man nan yana shiga roba da lungunan inji, sabulu ba ya kai masa. Gahawa kuma ta fi komai saurin ɗaukar wari.

Injinan iri biyu ne. Akwai mai wuƙa, irin na bilendarki, wanda ke sara abin da ya ci karo da shi. Ƙwayar da wuƙa ta samu sau goma ta zama ƙura, wadda ta tsere ta zauna da girmanta. In kin dafa, ƙurar ta saki ɗaci, manyan kuma ba su gama sakin daɗinsu ba, sai ki ji ɗaci da tsami a kofi ɗaya. Na biyu shi ne mai haƙora. Aikinsa irin na dutsen niƙa ne: ƙwaya tana shiga tsakanin haƙora biyu, ba ta fita sai ta kai girman tazarar da kika saita. Akwai abin murɗawa a ƙasa, ki matse ya yi laushi, ki sassauta ya yi tsaki-tsaki.

Tunda batun wuta ne, ki nemi mai haƙora na hannu. Ni Hario nake da shi, na ƙasar Japan, haƙoransa na tangaran ne, ba sa tsatsa, ana iya kwance su a wanke. Akwai kuma Timemore mai haƙoran ƙarfe, ya fi sauri da sauƙin juyawa, amma ya fi tsada, kuma shi ba a sa masa ruwa, da burushi ake share shi. Kofi ɗaya giram 15 ne na gahawa a ruwa rubu'in lita, kimanin cokalin cin abinci uku. Niƙan wannan minti ɗaya zuwa biyu ne da hannu, kafin ruwa ya tafasa kin gama. Kuma iya na ranar za ki niƙa, domin da zarar an fasa ƙwayar ƙamshinta ya fara gudu. Sauran ki zuba a kwalba mai murfi, nesa da rana da kuma kwandon kayan miya.

In za ki saya a kasuwar Terminus ko ta intanet, ki buɗe ki ga haƙoran da idonki, ki girgiza sandar tsakiya. In tana rawa sosai, niƙan ba zai daidaita ba.

Wani abu da muka yi dace da shi a nan: Jos tana da tudu wajen mita 1,200, don haka ruwa yana tafasa a kusan digiri 96 maimakon 100. Zafin da gahawa ke so ke nan. Yana tafasa ki zuba, ba sai kin jira ya huce ba.

Hajiyar Rikkos:

'Yata, ni ban san gahawa ba, amma yaji sana'ata ce, shekara da shekaru ina dakawa ina sayarwa. Ki ji wannan: busasshiyar citta, irin ta Kachia da Kafanchan, ƙashi ce. Wanda ya jefa ta gaba ɗaya cikin ƙaramin inji, ko wuƙa ta lanƙwashe ko inji ya ƙone. Ki fara farfasa ta a turmi ta zama ƙanana, haka kurkur da kirfa da gyaɗar ƙamshi. Kimba ki ɗan gasa ta tukuna ta yi rumus, in ba haka ba zare-zare za ta yi miki. Sannan ki sa a inji kaɗan-kaɗan, ki danna ki saki, ki ɗaga ki girgiza, ki sake dannawa. Kin ji jikinsa ya ɗau zafi, ki bar shi ya huta. Daga nan sai rariya, tsakin da ya rage ya koma ciki.

Murfinki kuwa kanumfari ne ya cinye shi. Mansa yana da ƙarfi, yana cin irin robar nan mai ɗaukar ido. In za ki sake saye, ki nemi mai kofin ƙarfe, kuma kada ki niƙa kanumfari shi kaɗai, ki haɗa shi da citta ko barkono su shanye man. Daddawa da ƙuli-ƙuli kuma ki bar wa turmi, ɗanko suke yi a inji. In kin gama, ki niƙa ɗanyar shinkafa cokali biyu ki zubar, tana kwashe mai da yawancin warin.

In yajin mai yawa ne, na suna ko na biki, kada ki wahalar da ɗan injin gida. Ki kai wa mai injin unguwa, amma ki je da sassafe kafin ya yi markaɗe.

Malamin Bukuru:

Hajiya ta faɗi gaskiya. Sai dai shinkafar nan ta mai wuƙa ce kawai. Kada a zuba ta a mai haƙora, ta fi soyayyar gahawa tauri, masu ƙera injinan da kansu suna hanawa.

Abban Sadik, Gangare:

Ni ban yarda sai kin sayi sabon inji ba. Tsohon nan a Sudan ya koyi sha, kuma su jabana suke yi: a daka gahawa a turmi, a dafa ta da citta, a tace. A Habasha ma, inda gahawa ta samo asali, turmi ne a gidaje har gobe. Gahawar da ake tafasawa a tukunya niƙa mai laushi take so, kuma taɓarya tana iya wannan. Ki sayi sabon ɗan turmi, ki keɓe shi don gahawa da citta kaɗai, kada barkono ya taɓa shi. Maganar Malam ta fi shafar masu zuba ruwan zafi a kan gahawa su tace ta da takarda.

Gargaɗi ɗaya kuma, a matsayina na mai gyaran kayan wuta. In wani ya ce zai aiko miki da inji daga Amurka, ko kika ga na gwanjo a kasuwar Katako, ki juya gindinsa ki karanta. Nasu na wuta 120 ne, tamu 230. Kina jonawa zai yi hayaƙi, na karɓi irinsu a shago ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Maman Biyu, Anguwan Rogo:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Baba duka bayan la'asar. Da na zo kan maganar Abban Sadik sai ya yi murmushi ya ce haka ne, turmin da ya sani ɗan ƙarami ne, taɓaryarsa ta ƙarfe. Amma mu haya muke, ɗakin maƙwabciyata yana jikin kicin ɗina kuma jego take, ba zan iya yi mata daka ƙarfe biyar da rabi na asuba ba. Don haka zan nemi na hannun nan mai haƙora, bilenda ta ci gaba da yajinta, in sami kofin ƙarfe in hali ya yi. Cittar Baba kuwa zan daka ta daban da rana in ajiye a kwalba, in riƙa barbaɗawa a tukunya.

Malam, saura tambaya ɗaya. Hannun Baba na dama yana ɗan rawa, amma ya ce in an sayo shi zai riƙa niƙa abarsa da kansa. Tsakanin na tangaran da na ƙarfen, wanne tsoho zai iya juyawa yana zaune, ya ɗora shi a cinya?