Howard ko makarantar Turawa? Don Allah a ba mu shawara

'Yar Gangare:
Salam jama'a. Ƙanina ya samu admishan a jami'o'i biyu a Amurka, ɗaya Howard ce da ke Washinton inda yawancin ɗalibai baƙar fata ne, ɗayar kuma wani ɗan ƙaramin gari take kusan kowa Bature, amma su suka fi ba shi sikolashif. Baba ya ce a bi inda kuɗi ya fi sauƙi, Mama kuwa tunda ta ga hoton ɗaliban ba baƙar fata ko ɗaya ta kasa barci, wai wa zai duba mata shi in ya kwanta ciwo. Ni kam na rasa ta cewa.

Ɗan Anguwan Rogo:
Howard fa ba ƙaramar makaranta ba ce, tun 1867 aka kafa ta, lokacin jami'o'i da yawa ba sa karɓar baƙar fata. Zik, wato Nnamdi Azikiwe, ya yi karatu can kafin ya koma jami'ar Lincoln, Kamala Harris ma can ta gama a 1986. Ya je cikin 'yan uwansa kawai.

Anti daga Kubwa:
Ƙanwata ni irin garin nan na biyu na yi karatu, ni kaɗai ce baƙa a ajinmu, da malami ya ambaci Afirka sai kowa ya juyo yana kallona, mai kitso ma sai na shiga bas zuwa wani gari, azumin farko kuwa ni kaɗai na riƙa shan ruwa a ɗaki ina hawaye wallahi. Amma kar ku ɗauka fata ɗaya ita ce zumunci, baƙaƙen Amurka tarihinsu daban, na bauta da wariya, sai ya zauna ya saurare su kafin su sake da shi. Ku tambaya ko akwai ƙungiyar ɗaliban Afirka da ta Musulmi, da masallacin Juma'a kusa.

Malamin Naraguta:
Mu 'yan Jos ai mun san abin nan, tun rikicin 2001 unguwanni suka rabu kowa ya koma cikin nasa. Ni sai da na shiga jami'a na yi abokin Birom na farko, yanzu har gidansu a Bukuru nake zuwa. Cuɗanya na da daɗi amma fa ni da yamma gida nake komawa in ci tuwon mahaifiyata, shi yaron nan ina zai koma?

'Yar Gangare:
Na gode sosai Anti. Yanzu na sa shi ya tura wa makarantar imel kan maganar masallaci da ƙungiyar, in sun amsa zan karanta wa Mama.