Me ya sa kuɗin binciken otizim ba sa kaiwa ga rayuwar yau da kullum?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana yana da lalurar otizim, wato lalurar da ke shafar yadda mutum ke sadarwa da mu'amala da mutane, kuma duk labarin binciken da nake cin karo da shi a kan ƙwayoyin gado ne ko tsarin ƙwaƙwalwa, alhali abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne rashin barci, da wahalar magana, da tunanin makomarsa idan ya girma. Shin masu ba da kuɗin bincike suna duba waɗannan kuwa?

Malamin Jami'a:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya shi. Wani rahoto da aka fitar a Birtaniya a 2013 ya nuna cewa daga cikin kusan fam miliyan 21 da aka kashe tsakanin 2007 da 2011, fiye da rabi ya tafi ne ga nazarin halitta da ƙwaƙwalwa, yayin da binciken hidimomin tallafi ya samu kashi 5 cikin ɗari kacal. Da ƙungiyar Autistica, mai tallafa wa binciken otizim a Birtaniya, ta tambayi masu lalurar da iyalansu a 2016, lafiyar tunani ce ta zo farko a buƙatunsu, sai hanyoyin sadarwa. A ganina, matsalar ita ce waɗanda ke raba kuɗin ba su ne ke kwana da lalurar ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Malam, kada dai a raina binciken ƙwaƙwalwa, domin farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin masu otizim, kuma maganinta daga can yake fitowa. Amma na yarda an yi wa ɗaya ɓangaren rowa. A Indiya da Pakistan an gwada horar da ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba, su koya wa iyaye yadda za su bi sha'awar yaro a lokacin wasa, kuma mu'amalar iyaye da yaran ta inganta. Abin baƙin cikin shi ne, da zarar wa'adin tallafi ya ƙare, irin wannan aiki yakan tsaya tun bai kai ga sauran gidaje ba.

Mai Otizim:
Mama, ni babba ne mai wannan lalura, kuma mu ne aka fi mantawa da mu. Binciken da aka wallafa daga Suwidin a 2016 ya gano cewa matsakaicin shekarun mutuwar masu otizim kusan 54 ne, na sauran jama'a kuwa kusan 70. Ina so a binciki yadda za mu samu aiki mu riƙe shi, da yadda likita zai saurare mu, kuma a zaunar da mu a kwamitin da ke zaɓen binciken da za a ba kuɗi.