Akwatin sarƙa na katako: wa ya san mai hannu?

Maman Amarya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ɗiyata za ta tare bayan Sallah, ina so a yi mata ɗan akwatin ajiye sarƙa da 'yan kunne, na katako, da dagin Arewa a murfi. Na duba na kanti, duk garin katako ne aka danne aka lulluɓe da leda. Ku ba ni shawara don Allah.

Anti ta Ƙofar Sauri: Wa alaikumus salam. Allah Ya sanya alheri, Yaya. Ki ce a yi da maɗaci. Ja ne mai kyau, kuma ƙwaro bai cika damunshi ba.

Baba Kafinta: Hajiya, maɗaci ya yi, amma kafin sunan icce ki tambayi bushewarshi. Yawancin falankin da ke zuwa mana daga Kudu da ruwanshi yake isowa. In aka yi aiki da shi haka nan, hunturu na kamawa zai tsuke, murfi ya karkace, adon da aka dasa ya ɓallo. Ni sai katako ya ga hunturu ɗaya a rumfata nake taɓa shi. Dagin kuma kada ki yarda a zana da fenti. Ana sassaƙe gurbi ne a jikin murfin, a yanka icce mai wani launi daidai gurbin, a cusa da gam, a bi da sanfefa har yatsa ya kasa jin gaɓa. Kan maɗaci, farin katako ya fi fitowa.

Ɗan Daura: Baba, maɗobiya fa? Akwatin kakata da ita aka yi, har yau ko tsaga babu.

Baba Kafinta: Yaro, ka taɓo mai tsada. An kwashe ta zuwa Sin har sai da aka taka wa fitar da ita birki. In ka samu tsohuwar ƙofa ko ƙafar gado ta maɗobiya, saye ka ɓoye.

Anti ta Ƙofar Sauri: Ni dai an taɓa cuta ta. Na ba wani kuɗi duka a gaba, ya kawo mani akwati yana ƙyalli, wata 2 murfi ya ƙi rufuwa. Rabi za ki ba da, Yaya, sauran sai kin buɗe kin rufe da hannunki. Ciki kuma a shimfiɗa karan-miski, a raba gida-gida, don sarƙa ba ta son cuɗanya da awarwaro.

Ɗan Daura: A goge shi da kakin zuma, ya fi wannan mai ƙyallin da ke ɓarewa.

Maman Amarya: Na gode ƙwarai. Baba, kana da busasshen a ƙasa?

Baba Kafinta: Akwai guntaye tun na bara. Ki aiko da awarwaron da ya fi girma in auna zurfin da shi.