Musayar Waƙa: Ziyarar Fadar Alhamra

Matafiyi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Na dawo daga Sifaniya, ga tsarabarku. Amsa-amon "ra" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah zan fara,
Mai mulkin duniya da lahira,
Ya ba ni baki da basira,
In wasa fadar Alhamra.

A Garanada take, kan tsauni,
Jan garu ne ya ba ta launi,
Daga waje ba ta yin bayani,
Sai ka shiga za ka lura.

Ibnul Ahmar ya aza tubali,
A 1238, shi ne asali,
Jikoki suka bi a hankali,
Kowane sarki na ƙara.

Tsakar gida ga zakoki,
Su 12, ruwa na zuba ta baki,
Sun goya tasa, ba sa raki,
Dukansu farar marmara.

Ginshiƙai 124 ne,
Sirara, kai ka ce kara ne,
Nauyin rufin duk a kansu ne,
Magini ya iya jera.

Baba Malam:
Sannu da hanya, ɗana.

Kai ka ga ado kana ta murna,
Ni gyambo ka fama, na tuna asara.

Ran 2 ga Janairun 1492,
Sarki Abu Abdullahi ya ba da mabuɗai ga Nasara.

Sarakunansu Fadinandu da Izabela suka karɓa,
Sabuwar tuta kan hasumiya aka ɗaura.

Kusan ƙarni takwas Andalus na karatu,
Sarkinta ya ƙare a Fas, ɗan hijira.

"Wa la galiba illallah" ya cika bango,
Ka karanta kuwa, ko hoto ya hana ka lura?

Yaya Mai Alƙalami:
Baba, a yi mini gafara,
Kukan nan yana da gyara,
Kafin Nasara su fara,
A gida wutar aka hura.

Ɗa ya kori uba daga sarauta,
Baffa ya ce shi ya cancanta,
Garanada aka yi ta yanka ta,
Maƙiyi na ƙofa yana jira.

Baitocin da ke bakin tasa,
Ibnu Zamrak ne ya wasa,
Waziri, mawaƙi, ba ya ƙosa,
Umarnin sarki ya sa shi a makara.

Mu masu waƙa sai mu kiyaye, yabon fada bai taɓa zama sulke ba.

Auta:
Yaya Matafiyi, ni tarihi bai dame ni ba,
Gwal nawa ka gani? Ba ka faɗa ba,
Gidan sarki ba zinariya? Ban yarda ba,
Ko ɓarayi sun riga ka shiga?

Yaya Mai Alƙalami:
Auta, "shiga" kuma? Ka saki amsa-amo, za ka biya tara.

Matafiyi:
A yafe masa, Yaya, tambayarsa na kan hanya.

Auta, abin zai ba ka mamaki,
Filasta ce da katako, sai aiki,
Ba su bar fili ba ko taki,
Rubutu da fure aka tsara.

Na ɗaga kai a Zauren Jakadu,
Guntayen katako 8,000 sun haɗu,
Hulata da ƙasa suka gamu,
Kwatancin sammai bakwai aka ƙera.

Baba, na karanta, ban yi sake ba,
Duk da wuyana bai ji daɗi ba,
Ƙarƙashin rufin ban rasa gane ta ba,
Tabaraka ce, ita ce surar da aka zura.

Dukiyar gidan ita ce ruwa,
Daga kogin Darro yake zuwa,
Ba inji, gangare ke kawowa,
Har tsakar ɗaki, wannan dabara!

Baba Malam:
Madalla, Allah ya yi maka albarka. 'Yata, ke ma ban musa miki ba. Amma akwai wanda har yau nake ƙullace da shi.

Sarki Karlos na Biyar, jikan Izabela, ya zo da nasa gini,
A 1527 aka fara.

Waje kusurwa huɗu, ciki da'ira,
Ƙaton dutse jikin fadar aka ɗora.

Ya mutu ginin bai samu rufi ba,
Sai a ƙarni na 20 aka gyara.

Sojan Faransa a 1812,
Suka sa wa hasumiyoyi nakiya da ƙura.

Yaya Mai Alƙalami:
Baba, ginin Karlos ni bai yi mini muni ba, mazauninsa ne bai dace ba. Ƙanena, an nuna maka jan tabon nan na ɗakin Banu Sarraj, dangin manyan Garanada?

Za a ce maka jinin manya ne,
An yanka su a nan, tabon nasu ne,
Masu bincike sun ce tsatsa ne,
Labarin dai na ciyar da jagora.

Matafiyi:
An nuna mini, har wata baturiya ta dafe ƙirji. Ga wanda ke da niyyar zuwa:

Tikiti a intanet, tun da wuri,
Ka riƙe fasfo, ka zo da shiri,
Lokacin shiga na rubuce, yi sauri,
Ba a buɗe wa wanda ya makara.

Jakar goyo ta dawo gaba,
Bango na ido ne, ban da taɓa,
Takalmin tafiya za ka zaɓa,
Hawa ne, ba wajen fankama da sutura.

Lambun Jannatul Arif na nan bashi,
Da dutsen Nebada da ke bayanshi,
Yau ƙafa ta kumbura, ta hana tashi,
Gobe in Allah ya so zan ɗora.

Auta:
To ni fasfo ma ban da shi,
Wa zai ba ni kuɗin jirgi bashi?
Yaya, in tarar nan sai an biya shi,
A rubuta, zan kawo baɗi ko bara.

Yaya Mai Alƙalami:
Bara ta wuce, Auta. Tara ta zama biyu.